Alamar Mandor a Hanyar Dolly

Mak Long Zaiton, yayar mahaifiyata, mace ce da ba ta da mantuwa. A Kampong, unguwarmu ta Malayawa da ke bakin ruwa a Tsibirin Kirsimeti, kowa ya san haka. Ta taɓa yin shekara shida ba ta yi wa mahaifiyata magana ba saboda murfin tukunya da aka ara aka mayar mata a lanƙwashe. Sukan haɗu a masallaci, su haɗu a gidan biki, Mak Long ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su da sunansu, in ta zo kan ƙanwarta sai ta dubi bangon da ke bayanta ta wuce. Ranar da suka shirya ma babu wani jawabi da aka yi. Mahaifiyata ce ta sayo sabon murfi ta kai mata har gida. Mak Long ta jujjuya shi ta ce, "Na da ya fi kauri," sannan ta zuba mata shayi.

Gajeriyar mace ce, mai faɗin kafaɗa. Shekara ashirin da shida ta yi tana dafa abinci a makarantar tsibirin. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da wuya ka sami ɗan Kampong da ya haura shekara talatin wanda bai ci shinkafarta da miyar kifi ba, kuma har yau tana iya gaya maka wanda yakan nemi ƙari da wanda yakan ɓoye kayan lambu a ƙarƙashin faranti. Mijinta, Pak Long Sapari, direban babbar mota ne a wurin haƙar ma'adinin taki. Kullum yakan dawo gida fari fat kamar an tsoma shi a buhun fulawa. Mutum ne mai yawan dariya, ita kuwa dariyarta sai an tona. Ban san yadda aka yi suka dace ba, amma sun dace.

A shekarar da suka yi aure suka haɗu da Mandor. Wata Lahadi ce, sun ɗauki abinci za su gaɓar Dolly, sai suka tsaya hutawa a gindin wani tsohon ɓaure da ke gefen hanyar daji. Pak Long ya cire agogonsa ya ajiye a kan saiwa zai wanke hannu. Da ya waiwayo sai ya ga agogon yana tafiya. Ɗaya daga cikin manyan ƙaguwar dajinmu ne, waɗanda muke kira ɓarayi, masu fasa kwakwa da ƙarfin hannunsu, waɗanda ba sa ganin abu mai ƙyalli su bar shi. Wannan kuwa bayansa shuɗi ne mai duhu, hannunsa na hagu a karkace kamar awartakin da ya sha wuta. Pak Long ya kama maɗaurin agogon ya ja, ɓarawon ya ja, Pak Long ya faɗi zaune, agogo ya shige rami. Da ya tashi yana kakkaɓe wando sai ya ce, "Wannan ai Mandor ne. Ya ɗauka bai tambaya ba, kuma babu inda za ka kai ƙara." Mandor shi ne abin da suke kiran shugaban leburori a wurin haƙa.

Tun daga ranar, kowace Lahadi sai sun tsaya a gindin ɓauren. Wani lokaci su tarar da shi, wani lokaci ya yi wata biyu bai fito ba. Ɓarayi suna da tsawon rai, sukan kai shekarun mutum. Aka mayar da dajin gandun gwamnati, aka hana ba wa dabbobi abinci, Mak Long ta daina ba shi kwakwa a gaban mutane. Pak Long ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ciwon ƙirji. Kabarinsa takan ziyarta sau ɗaya a shekara, ranar Sallah. Gindin ɓaure kuwa kowane mako. Ina 'yar shekara bakwai ta fara kai ni, ta ce in tsuguna in yi shiru, abin da dama na fi iyawa. Mandor ya fito yana lalube da dogayen gashin kansa, ya taɓa takalmina, ya ga ba ya ƙyalli, ya juya.

Da na gama karatu a birnin Perth na dawo, sai na sami aiki a ofishin gandun. Cikin ayyukana akwai bin hanyoyi da mota. Duk inda mota ta take ɓarawo, nakan fesa gicciye da fenti ruwan hoda a daidai wurin, in rubuta rana da wuri a takarda. Alamar takan zauna a kan hanya wata da watanni, direbobi su gani su rage gudu. Ƙa'idar aikin guda ce: sai na ga gawa da idona.

Wata Lahadi da hantsi Mak Long ta zo ta tsaya a ƙofar gidanmu, ba ta kashe mota ba.

"Norlia, ɗauko gwangwaninki na fenti."

Ban tambaya ba. Na bi ta har gindin ɓauren. A tsakiyar hanya akwai danshi mai faɗin faranti, an tura masa ƙasa da gefen takalmi, tururuwa ta riga ta taru. Mak Long ta kwance bakin mayafinta. A ciki akwai hannun ƙaguwa, shuɗi, a karkace.

"A cikin ciyawa na tsince shi. Fesa."

"Mak Long, ina gawar?"

"Ga ta a hannuna."

Na ce, "Wannan hannu ne kawai. Sukan yar da hannu in sun yi faɗa, wani ya tsiro. Ba zan iya fesawa a kan hannu ba."

"Karatun da aka tura ki Perth ki yi ke nan? Ki dawo ki koya mini cewa hannu ba gawa ba ne?"

"Ƙa'ida ce."

"Ƙa'ida." Ta mayar da hannun cikin mayafi ta ƙulle. "To ita ƙa'idar ce ta tura ƙasa da takalmi?"

Ta san wanda ya yi. A kan hanyarta ta shigowa da safe ta yi kiciɓis da farar bas ɗin Bahrom tana fitowa a guje, kuma bai ɗaga mata hannu ba, Bahrom da ko kazar daji ya gani sai ya yi mata hon. Shi ne mai yawo da baƙi a cikin gandun, ya kai su gaɓar teku da koguna da wuraren tsuntsaye. Mutum ne mai baki, baƙi suna sonsa. A jikin bas ɗin, gefe da gefe, ya rubuta da Turanci da manyan baƙaƙe cewa shekara tara yana tuƙi bai taɓa taka ƙaguwa ba. A tsibirin da jajayen ƙaguwa ke rufe titi in damina ta faɗi, har kowa yana yawo da manjagara a bayan mota don share su, wannan ba ƙaramin kirari ba ne. Da shi yake cin abinci.

Washegari da yamma ta same shi a rumfar shayi ta bakin tashar jirgin ruwa, yana zaune da mutane bakwai ko takwas. Ni ina bayanta, don ta ce in raka ta.

"Bahrom, ina ka kai shi?"

"Wa, Makcik?" in ji shi, kamar yadda muke kiran babbar mace.

"Wanda ka take jiya a gindin ɓaure."

Ya ajiye kofi, ya dafa ƙirji. "Ni? Haba Makcik. Ga motata can, ki karanta jikinta."

"Na karanta. Fenti ba ya rantsuwa."

"Au, tsohon saurayin nan naki ne ya ɓata?" Ya waiwayi mutanen. "Jama'a, wa ya ga Mandor? Makcik, ki kwantar da hankalinki. Ya tsufa fa. Ina jin ya sayar da agogon Pak Long ya tafi Makka."

Aka fashe da dariya. Har mai shayin sai da ya riƙe ciki. Ni na ji kunnena yana zafi kamar ni aka yi wa. Mak Long ta jira dariyar ta lafa, sannan ta tura masa farantinsa kusa da shi ta ce, a hankali, "Ci abincinka, ɗana. Sha shayinka tun da zafi." Waɗanda suka san ta a wurin suka daina murmushi. Bahrom bai lura ba, yana goge hawaye.

Abu guda take so, kuma ta faɗa mini a mota muna komawa: alama ruwan hoda a gindin ɓauren nan, kuma ba hannuna ne zai fesa ba, hannun Bahrom.

A makon nan gidanta ya fara ƙamshin soyayyar kwakwa. Takan gurza ta, ta soya da ɗan busasshen kifi har ta yi ja, ta ɗura a tsohon gwangwanin madara. Ɓarawo yana jin wannan ƙamshin daga inda mutum ba zai ji kiran sallah ba. Ta san tsarin Bahrom sarai: yakan ajiye bas a ƙarshen hanyar mota, ya shiga da baƙi a ƙafa zuwa gaɓar Dolly, tafiya da wanka da dawowa kusan awa uku. Sai ta bari sun shige daji, ta zo ta barbaɗa kwakwar a ƙarƙashin bas ɗin, ta koma gida ta yi azahar. Lissafinta shi ne zai dawo ya tarar da ɓarayi a gindin kowace taya, ko dai ya kwanta a ƙasa ya ja su ɗaya ɗaya a gaban baƙinsa, ko ya taka ɗaya a gaban shaidu.

Sai abin ya juye mata. Ranar farko ɓarayi goma sha ɗaya suka taru. Baƙin da suka ƙetaro teku don su ga ko guda ɗaya suka rikice da murna, suna ta ɗaukar hoto. Bahrom ya tuɓe riga, ya riƙa kamo su ta baya yana ɗagawa sama yana ba su sunaye. Kafin wata ya ƙare labari ya bazu cewa akwai direban da ƙaguwa ke bi saboda sun san bai taɓa cutar da su ba. Baƙin da ke sauka a jirgin Talata da na Juma'a tun a filin jirgi suke tambayarsa. Ya sa aka zana masa ƙaton ɓarawo a ƙofar bas, yana murmushi.

Rannan ya zo har ƙofar gidanta da kwalin biskit. Ina ciki ina taya ta gyaran wake.

"Makcik, ban san bawan Allahn da ke yi mini wannan alheri ba," in ji shi ta taga. "Amma in kin gan shi, ki ce ya ɗan ƙara kifi. Manyan sun fi son kifi."

Mak Long ta karɓi biskit ɗin ta ce ta gode. Da ya tafi ta juye shi duka a gaban kaji.

Ni kuwa ina cikin tsaka mai wuya. Ba wa dabbobin gandu abinci laifi ne, kuma hana shi yana cikin aikina. Sau uku ina zuwa gidanta da niyyar magana, sau uku ina cin abinci in tafi. A na huɗu na daure na ce, "Mak Long, doka fa ta hana."

"Wace dokar? Wadda ba ta ga gawa ba? To ni ma ba ta gan ni ba." Ta ci gaba da gurza kwakwa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ran Talata ƙarfe nawa kike bi ta hanyar Dolly?"

"Wajen ƙarfe ɗaya."

Da na san dalilin tambayar, ban sani ba ko zan faɗa. Ina jin zan faɗa.

Talatar nan Bahrom yana da baƙi shida da za su bi jirgin yamma. Kayansu na cikin bas, daga gaɓa sai filin jirgi, in kuwa jirgin ya tashi babu wani sai Juma'a. Wannan karon Mak Long ba a ƙasa ta barbaɗa ba. Ta kwaɓa kwakwar da mai ta yi dunƙule-dunƙule, ta sa sanda ta cusa su can sama da tayoyi, da saman ƙarfen da ke haɗa su, da duk wani lungu na ƙarƙashin mota da hannu ba ya kaiwa da daɗi. Kuma ba ta koma gida ba. Ta ajiye motarta a inuwa, ta fito da kujerar roba da butar shayi, ta ɗora manjagara a cinya.

Da na iso na kasa ƙirga su. Sun fi talatin. Wasu a ƙasa, amma yawancinsu sun hau sun maƙale a cikin motar ta ƙasa, sai ƙafafu kake gani suna reto. Baƙin sun daina ɗaukar hoto, agogo suke kallo. Wata dattijuwa a cikinsu tana ɗaga waya sama tana neman layi, a wurin da ba a taɓa samun layi ba. Bahrom yana kwance rigingine a ƙarƙashin bas, sai ƙafafunsa, yana huci.

"Makcik! Ki zo da manjagarar nan mana!"

"Ai masoyanka ne," in ji ta. "Ka roƙe su."

Duk ɗan tsibirin nan tun yana rarrafe ake koya masa cewa ɓarawo ta baya ake kama shi. Bahrom ya fi ni sani. Amma wurin ya matse, lokaci yana tafiya, wani ƙato ya juya bayansa ga ƙarfe ya ƙi motsi. Sai ya miƙa hannu ta gaba.

Ihun da ya yi sai da tsuntsaye suka tashi daga kan bishiyoyi. Ya fito da jan baya, ɓarawon na biye da shi, ya datse masa manuniya da ɗan yatsan tsakiya na hannun dama. Girmansa ya kai na kyanwa. Bahrom ya durƙusa, ya tallafe shi da hannun hagu don kada nauyinsa ya tsinke yatsun, gumi yana zuba daga haɓarsa. Wani baƙo ya kama ƙafar ɓarawon ya ja, ɓarawon ya ƙara matsewa, Bahrom ya ƙara ihu. Wani ya ruga bas ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya ɗaga.

Mak Long ta tare shi da manjagara. Turancinta na ɗakin girki ne, amma ya isa. Ta nuna ni ta ce, "Ga ma'aikaciyar gandu. A gabanta za ka kashe?" Mutumin ya dubi rigata, ya sauke hannu.

Sannan ta sunkuya ta tsinko ɗan ganye mai laushi, ta zo ta tsuguna a gaban Bahrom. Tsofaffi sun san abin da ke sa ɓarawo ya saki: a shafa masa taushin cikinsa a hankali, kamar cakulkuli. Ni ma na karanta haka, ban dai taɓa yi ba. Na taka zan matsa, ta ɗago ta dube ni, na tsaya.

"Mak Long, yatsan zai karye."

"Yana da wasu takwas." Ta juya ganyen a tsakanin yatsunta. "Bahrom, ina ka kai shi?"

"Makcik, don Allah, don Annabi..."

"Makka ka ce ya tafi. Wane jirgi ya bi?"

"Makcik, ke kika ciyar da ni fa!"

"Na sani. Kullum sai ka nemi ƙari. Ina ka kai shi?"

Ya faɗa. Ya ce ya makara ne ranar, yana gudu, bai gan shi ba sai da ya ji ƙara. Ya sauko ya gane ko wane ne. Ya tura ƙasa a wurin, ya sa shi a buhu, ya kai bakin dutse ya jefa a teku.

"Faɗa da Turanci," in ji ta. "Da Turanci ka rubuta ƙaryar."

Ya maimaita da Turanci, baƙin suna tsaye cirko-cirko, zanen ɓarawo mai murmushi yana bayansa. Na zaci ta gama. Har ta kai ganyen kusa, sai ta tsaya.

"Nan take ya mutu?"

Da Bahrom ya yi ƙarya a nan da ya huta, kuma har yau ban san abin da ya hana shi ba.

"A'a," in ji shi. "Yana motsi a cikin buhun."

Mak Long ta mayar da hannunta kan gwiwa. Ta zuba wa ɓarawon ido, ba Bahrom ba, tana kallon yadda hannun ke ƙara shiga nama. Ban san tsawon lokacin ba. Na ji wani ɗan sauti kamar an karya tsinke. Ni da nake sanye da rigar aiki, da akwatin magani a motata, ina tsaye ina tuna yadda Mandor ya taɓa takalmina, kuma ban ce uffan ba. Wannan ma yana cikin abin da ya faru, shi ya sa na rubuta shi.

Daga nan ta sa ganyen a ƙarƙashin ɓarawon ta shafa sau uku, sau huɗu. Hannun ya buɗe a hankali kamar ƙofa. Ɓarawon ya ja da baya ya shige ciyawa abinsa.

Na ɗaure wa Bahrom hannu. Mak Long ta ɗauko sauran kwakwar daga motarta ta watsa can cikin daji, ta bi da manjagara tana zungurar masu taurin kai. Cikin minti ashirin suka sauko suka bi ƙamshi. Muka leƙa ƙarƙashin bas ni da ita, gaba da baya, ba mu ga komai ba. Bahrom ba zai iya tuƙi ba, don haka ni na hau kujerarsa, baƙi suka shiga. Na sa giya, taya ta juya sau ɗaya, sai muka ji ƙaras.

Ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba. Ya ɓuya ne a can saman tayar baya inda ta cusa dunƙule mafi girma, har da kwakwar a bakinsa. Na sauko na ɗauko gwangwanin fenti. Mak Long ta karɓe shi.

"Ba ke ba ce. Kwakwata ce."

Ta girgiza gwangwanin kamar yadda ta ga ina yi, ta sunkuya ta fesa gicciye a ƙasa, ta ɗauki gawar da hannu biyu ta kai gindin bishiya. Sannan ta shiga motarta ta wuce gabanmu. A gindin ɓaure ta gindaya motar a tsakiyar hanya, babu ta inda bas za ta bi. Dattijuwar nan mai waya ta fara kuka tana nuna agogo. Mak Long ta zo taga ta miƙa wa Bahrom gwangwanin.

"Sauko."

Ya sauko. Da hannun hagu ya fesa, layin farko ya tafi a karkace, na biyu ya fi shi. Ta ce ya ƙara, bai fito ba. Ya ƙara. Ban ga gawa ba, amma direba ya yi shaida da bakinsa a gaban mutum takwas, na rubuta rana da wuri. Baƙin sun sami jirginsu ana shirin rufe ƙofa.

A rahotona na sa komai, har da kwakwar da sunan mai ita, har da tsayuwar da na yi. Aka ja mini kunne. Ita kuma aka hana ta shiga hanyoyin gandu wata shida. Wata huɗu ba ta yi mini magana ba, mahaifiyata ta ce in gode wa Allah, na samu da sauƙi, murfin tukunya ya fi ni tsada. Bahrom ya shafe rubutun jikin bas da farin fenti, amma in rana ta haska ana iya karanta shi a ƙasa. Har yanzu yana yawo da baƙi, sai dai ba kamar da ba. Manuniyarsa ta warke a karkace, yaran Kampong kuma suka laƙaba masa Mandor, ba tare da kowa ya sa su ba.

Da Ƙaramar Sallah ta zo, lokacin da ake bi gida gida ana durƙusa wa manya ana neman gafara, Bahrom ya zo da matarsa. Ya durƙusa a gaban kujerarta, ya kama hannunta ya kai goshi, ya ce ta yafe masa na fili da na ɓoye. Ɗakin cike yake da mutane, kowa ya kasa kunne. Mak Long ta dubi yatsan da ke riƙe da hannunta.

"Na yafe maka dariyar rumfar shayi," in ji ta. "Buhun kuwa ba ni ka sa a ciki ba, ba ni da abin yafewa. Tashi ka ci abinci."

Yanzu shekararta saba'in da uku. Hannun Mandor yana cikin kwalba a kan kabad, kusa da hoton Pak Long. Tun da aka ɗage mata hani ta koma zuwanta na Lahadi, sai dai ba ta tsayawa a ɓaure kawai, takan wuce har ƙarshen hanya. Ruwan damina yana cin fenti, saboda haka duk shekara takan ari gwangwanina ta sabunta alamar ƙaramin da hannunta. Ta gindin ɓaure kuwa ba ta taɓa ta, ba ta kuma yarda in taɓa. Takan tsaya a kanta ta duba, ta goga da takalmi. Makon jiya ta dawo ta same ni a ofis, a gaban abokan aikina, ta ajiye mini ƙunshin ayaba a kan tebur.

"In kin ga Bahrom," in ji ta, "ki ce masa alamarsa ta koɗe."